Waƙoƙin Kirsimeti da na sabuwar shekara za su iya koya wa yara Turanci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar Turanci ce a wata firamare mai zaman kanta a Kaduna, ina riƙe da 'yan aji biyar da aji shida, Musulmi da Kirista a haɗe. Shugabar makarantarmu ta ce tunda zangon farko a Disamba yake ƙarewa, in riƙa koya wa yara sababbin kalmomi da nahawu ta hanyar waƙoƙin Kirsimeti da na sabuwar shekara irin na Turawa. Da gaske yaro yana koyon Turanci ta haka, ko dai cinye lokacin darasi ne kawai? In yana koya, waɗanne waƙoƙi zan ɗauka? Kuma yaya zan yi da iyayen da ba za su so ba?

Amsa: Malama, barka kadai, Allah ya ƙara basira. Yana koya, amma ba duk abin da shugabarku take zato ba. Waƙa tana gyara kunne, tana saki harshen yaro, tana kuma dasa masa guntayen maganganu a ka waɗanda ba sa goguwa da wuri. Abin da ba ta yi shi ne bayyana ƙa'ida. Kuma waƙoƙin bukukuwan nan suna da wata matsala tasu ta daban, domin da yawansu sun haura shekara 150, kuma cike suke da Turancin da ko Bature ba ya yi a yau. Saboda haka aikinki shi ne tsince, ba kwasa kan mai uwa da wabi ba.

Mu dai ba sai an zo daga waje an gaya mana waƙa tana koyar da karatu ba. Duk wanda ya zauna a zauren malamai ya san Alfiyyar Ibn Malik, malamin Andalus da ya rasu a 1274, wanda ya zuba nahawun Larabci cikin baiti kusan 1000 don ɗalibi ya haddace. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da waƙoƙi ta koyar da matan ƙauyuka ta hannun jajjinta na 'Yan Taru. Amma ki lura da abu biyu. Waɗannan waƙoƙi don koyarwa aka tsara su tun farko, kowane baiti yana ɗauke da darasinsa. Wanda ya rubuta waƙar Kirsimeti kuwa amsa-amo da kari yake nema, in ƙa'idar nahawu ta tare masa hanya sai ya ture ta. Na biyu, ko ita Alfiyyar ba wanda ya zama gwanin Larabci da haddarta kaɗai, sai ya zauna gaban malami an buɗe masa sharhi. Ke ce sharhin a ajinki.

Masu bincike ma sun gwada abin. A Jami'ar Edinburgh, Karen Ludke da abokan aikinta sun tara manya 60 waɗanda ba su san ko kalma ɗaya ta harshen Hungari ba, suka kasa su kashi uku, aka ba su minti 15 su koyi gajerun maganganu 20. Kashi ɗaya suna maimaitawa da magana, ɗaya da magana mai bin kari, ɗaya kuma da rerawa. Masu rerawar ne suka fi iya faɗo maganganun daga baya. An buga sakamakon a 2014. To amma me aka auna? Tuna maganar da aka riga aka ba ka. Ba a auna ko mutum zai iya ƙirƙirar tasa jimlar ba, wanda kuwa shi ne abin da jarrabawa da rayuwa za su nema daga yaranki.

Bari in fara da inda waƙa ta fi ƙarfi, wato kunne, domin nan ne malamanmu suka fi yin sakaci. Hausa da karin sauti da tsawon wasali take aiki, kuma kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta, mu furta ta sarai. Turanci ba haka yake tafiya ba. Bature yakan danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi, sauran kuma ya haɗiye su, musamman ƙananan kalmomi irin su “of” da “to” da “a” da “the”. Shi ya sa yaron da ya ci maki 80 a rubutu za ki kunna masa labarai da Turanci a rediyo ya yi zuru, ya ce suna sauri. Ba saurin ba ne kaɗai, yana jiran ya ji kalmomin da aka riga aka haɗiye ne. Waƙa kuwa tana ɗora bugun kiɗa a kan gaɓoɓin da ake dannawa, sai yaro ya ji su a tafin hannunsa. Ki sa su tafa ɗangon farko na “Jingle Bells”, wato “Dashing through the snow”, za ki ga tafin yana sauka a kan “dash” da “through” da “snow”, ita kuwa “the” ta wuce fit ba wanda ya tafa mata. Wannan darasin in da baki za ki yi bayaninsa sai ki cinye mako guda ba su gane ba.

Kada ki ɗauka yaranmu ne kaɗai kunne ke yaudara. 'Ya'yan Amurkawa da kansu sun daɗe suna jin “all of the other reindeer” a waƙar Rudolph, wata dabba dangin barewa mai jan hanci, kamar an ce “Olive”, har suna zaton sunan wata dabba ce a cikin garken. In ɗan da aka haifa cikin harshen ya ji haka, ina ga ɗan Tudun Wada? Ma'ana dai dole a ƙarshe yara su ga kalmomin a rubuce, in ba haka ba za su haddace amon banza su yi ta rerawa har su girma.

Akwai kuma iyaka ko a wajen furucin. Yara 40 suna rerawa a tare, kuskure yana ɓuya cikin hayaniya. Yaron da ke cewa “fartridge” maimakon “partridge”, ko “gabe” maimakon “gave”, ko “sird” maimakon “third”, waƙa ba za ta gyara shi ba, sai ma ta ƙara kafa masa kuskuren tunda sau goma zai maimaita. Haka ma saka wasali tsakanin baƙaƙe, irin wanda ya mayar mana da “bread” burodi, “screw” sukuru, domin Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere. Waɗannan sai kin tsayar da waƙar, kin ɗauki layi ɗaya ko yaro ɗaya, kin sa shi ya dubi bakinki.

Yanzu kalmomi. A nan ne nake ganin ana yi wa waƙoƙin nan yabon da ya wuce ƙima. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi na ƙasar Niyuzilan, ya daɗe yana nuna cewa kalmomi kusan 2000 da aka fi yawan amfani da su su ne ke cike kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun Turanci na yau da kullum. Ɗan aji biyar waɗannan yake buƙata ya ƙware a kansu. To ki buɗe waƙoƙin ki ga abin da ke ciki: “sleigh”, keken da doki ke ja a kan dusar ƙanƙara. “Reindeer”, wata dabba dangin barewa ta ƙasashen sanyi. “Holly” da “mistletoe”, tsirran da ake ƙawata gida da su. “Bobtail”, dokin da aka datse wa wutsiya. Yaro zai iya gama jami'a bai buƙaci ko ɗaya ba. Ki nuna musu hoto a waya, su gani su yi mamaki, a wuce. Kada ki rubuta su a allo a matsayin kalmomin mako, kada kuma ki kawo su a gwaji.

Wasu kalmomin ma tarko ne. Ɗauki “dashing” ɗin nan. A Turancin Nijeriya “dash” kyauta ce, kowane yaro ya san a ce wa mai shago “dash me”. In ba ki faɗa musu cewa a waƙar sheƙa gudu ake nufi ba, rabin ajin za su tafi gida da tunanin rabon kyauta ake yi cikin ƙanƙara. A “Deck the Halls”, wadda Thomas Oliphant ya yi wa kalmomin Turanci a 1862 a kan wani tsohon karin mutanen Wales, akwai ɗangon da ya haɗa “don” da “gay” da “apparel”. Ta farko sanya tufafi ce, ta uku tufafin ne, kuma duk biyun sun tsufa a maganar baka. Ta tsakiyar a wancan zamani ado mai ɗaukar ido take nufi, yau kuwa ma'anarta ta koma masu neman jinsinsu. Ba kya son yaro ya je gida yana rera wannan, uba ya ji, ki kwana kina bayani a ofishin shugaba. Ki bar waƙar nan gaba ɗaya.

Amma wani lokaci sai ki tsinci abin amfani inda ba ki zata ba. Kalmar “kin” da ke cikin “We Wish You a Merry Christmas” tsohuwa ce, dangi take nufi, ba a cika jin ta a hira ba. Sai dai duk wanda ya taɓa cike fom a banki ko asibiti ya ci karo da “next of kin”. Ki haɗa musu biyun, sun samu kalmar da za ta yi musu aiki har tsufa.

Tunda na ambaci wannan waƙa, bari in zauna a kanta, domin in da guda ɗaya za a ce in zaɓa miki ita zan ɗauka. Daga yammacin Ingila ta fito, ba a san wanda ya ƙirƙire ta ba. Asalinta talakawa ne ke bi gida gida suna rera wa masu hali, a ba su ɗan abin taɓawa. Kamar tashe dai namu na watan azumi, har da nacin nan na ba za mu tafi ba sai an ba mu. Ki faɗa wa yara haka, nan take za su gane ruhin waƙar, su daina kallonta kamar wani baƙon abu.

Gajeruwa ce, amma ginin jimla uku ne a cikinta masu daraja. Na farko “We wish you a …”, wato aikatau, sai mutumin, sai abin da ake yi masa fata. Da wannan ƙwarangwal ɗin yaro zai iya cewa “I wish you a safe journey”, “We wish you a happy Sallah”, “I wish you a quick recovery”, kuma da shi zai rufe wasiƙa a jarrabawa. Na biyu “bring us some …”, umarni mai karɓau biyu, ba tare da “for” ɗin da yaranmu ke cusawa ba saboda suna fassara “kawo mana” kalma da kalma. Na uku shi ne wanda na fi so: “We won't go until we get some.” A nan gizo ke saƙa. Bahaushe cewa yake “ba za mu tafi ba sai mun samu”, wato bayan “sai” yana kawo sigar abin da ya riga ya kammala. Yaro ya ɗauko wannan ya kai Turanci sai ya rubuta “until we got”. Wani kuma ya yi tunani ya ce ai abin bai faru ba tukuna, ya rubuta “until we will get”. Duka biyu jan biro ne. Turanci bayan “until” da “when” da “before” da “as soon as” lokaci mai ci yake so ko da maganar ta gobe ce. Ƙa'idar tana da wuyar riƙewa in an faɗe ta haka tsurarta, amma yaron da ɗangon nan ya zauna a kansa yana da ma'aunin da zai gwada jimlarsa a kai a ɗakin jarrabawa. Wannan shi ne ainihin amfanin waƙa ga nahawu: ba ta koyar da ƙa'ida, tana ba yaro misali guda da ba zai manta ba.

Ta biyu ita ce “The Twelve Days of Christmas”, wadda aka fara bugawa a Ingila wajen 1780. Kwanaki 12 ɗin su ne daga 25 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu. Waƙar tarawa ce, kowane baiti yana ƙara kyauta ɗaya sannan ya koma ya lissafo na baya, har in aka haɗa duka kyaututtukan sukan kama 364, abin da za ki iya miƙa wa malamin lissafi ya yi nasa darasin da shi. Ribarki a ciki ita ce jerin matsayi: “first”, “second”, “third”, har zuwa “twelfth”. Hausa ta sauƙaƙa mana wannan, “na” ko “ta” kawai muke sa wa lamba, na biyu, na uku, na goma sha biyu. Turanci kuwa ukun farko ba su bi tsari ba, “five” ta koma “fifth”, “nine” ta yar da harafinta na ƙarshe ta zama “ninth”, “twelve” ta zama “twelfth” mai baƙaƙe uku cunkushe a ƙarshe. Sannan ga “on” da ake sa wa rana, wanda yara ke musanyawa da “in”. Ga kuma “gave”, ko “sent” a wasu bugun, ana maimaita ta sau 12. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da a harshensa aikatau ba ya sauya jiki don lokaci, wakilin suna ne ke ɗaukar nauyin: na ba, ina ba, zan ba. A Turanci aikatau ɗin ne da kansa yake rikiɗa, kuma haddar “give, gave, given” a jere ba ta taɓa hana yaro rubuta “yesterday he give me” ba.

Kyaututtukan kansu dai tarkace ne a wajenmu, tsuntsaye iri iri da masu tatsar nono da masu busa. Kuma akwai “a-laying” da “a-swimming” da “a-milking”, wani tsohon gini da ya mutu. Tsarin “gave to me” kafin a ambaci kyautar shi ma na waƙa ne, a magana “gave me a book” ake cewa. Don haka da an rera an ji daɗi, ki ɗauke ƙwarangwal ɗin ki kai shi gida. Ki ce kowa ya rubuta abin da ya yi a hutun Kirsimeti ko na Sallah rana bi rana. Yaron da ya taɓa yin Sallah a Kano yana da kayan aiki a shirye: “On the second day we watched Hawan Daushe. On the third day we went to see Hawan Nassarawa.” Wanda ya je ƙauyensu a Kafanchan ko Zonkwa ya rubuta nasa. In kin ga wannan a littattafansu to darasin ya shiga.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare har a bakin manya masu digiri, kuma waƙoƙi biyu na Amurka suna maganinsa. Muna da “nakan”, nakan je kasuwa ran Juma'a, sai muka ɗauka “use to” ce takwararta, ka ji mutum yana cewa “I use to go to the market every Friday” alhali har gobe yana zuwa. A Turanci “used to” ta abin da aka saba yi a da ne aka daina. A “White Christmas” ta Irving Berlin, wadda Bing Crosby ya shahara da ita daga 1942, mai waƙar yana begen irin bikin da ya “used to know”, wato ya wuce, kewarsa yake yi. A waƙar Rudolph ta 1949 sauran dabbobin “used to laugh”, suna yi masa dariya a da, daga baya suka daina. Labarin da kansa yana nuna wa yaro cewa abin ya ƙare. Daga nan sai ki ce kowa ya faɗi abu ɗaya da yake yi yana aji ɗaya wanda yanzu ya bari. Za ki sha dariya, kuma za su riƙe.

Haka “Let It Snow” ta 1945, wadda aka rubuta a Kalifoniya ana tsakiyar zafin Yuli, sunanta kaɗai ya isa ki buɗe maganar “it” ɗin nan marar ma'ana da Turanci ke sa wa yanayi. Mu “ana ruwa” muke cewa, “ana sanyi”, “gari ya waye”. Su kuwa sai sun kawo “it”: “it is raining”, “it is cold”. Ga hunturu a waje, ba sai kin nemo ƙanƙara ba.

To sai waɗanda za ki yi taka-tsantsan da su. Waƙoƙin coci na asali su ne suka fi tsufa. “Joy to the World” Isaac Watts ya rubuta ta a 1719, kuma a ɗangonta na farko akwai “is come”, wanda daidai ne a zamaninsa, amma yau “has come” ake cewa, kuma mai makin WAEC ba zai tambayi yaro a wace waƙa ya ji ba. A wasu waƙoƙin cocin kuma akwai “thee” da “thy” da “ye” irin na fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611. “Silent Night” ma ba da Turanci aka haife ta ba, da Jamusanci aka fara rera ta a garin Oberndorf na Ostiriya a 1818, Turancin fassara ce ta 1859 mai juya jimla yadda kari ya so. Ko “Jingle Bells”, da James Pierpont ya buga a Boston a 1857, tana da “o'er the fields we go”, an gutsure “over” an kuma kai aikatau ƙarshe, kuma a baiti na biyu akwai “upsot”, kalmar da aka murɗe don raha da amsa-amo. Amshinta da baitin farko sun ishe ki. Akwai ma kyauta ɗaya a amshin, “what fun it is to …”, wadda yaro zai iya ƙarasawa da wasan ƙwallo ko hawan keke.

Waƙar sabuwar shekara da aka fi sani, “Auld Lang Syne”, kada ki ko fara. Robert Burns ya rubuta ta a 1788 da harshen mutanen Scotland, ba da daidaitaccen Turanci ba, kuma Turawan Ingila da Amurkawa da yawa suna rera ta kowace shekara ba su san me suke faɗa ba.

Yadda za ki tafiyar da darasin kuwa, minti 35 ko 40 sun isa ga waƙa ɗaya, ko ma baiti ɗaya. Ki kunna a waya da 'yar sifika, littattafai a rufe, ki ba su aikin kunne guda ɗaya tak, misali su ƙirga sau nawa suka ji “wish”. Yaro in ba a ba shi abin nema ba, kiɗan kawai zai bi. Sai ki rubuta baitin a allo kin cire wasu kalmomi. A nan malamai da yawa suke kuskure, su cire manyan kalmomi masu wuya irin “pudding” da “tidings”. Ki cire ƙananan, “until” da “us” da “a” da “some”, domin su ne kunnen yaro ke tsallakewa kuma su ne ke kayar da shi a rubutu. A sake kunnawa su cike. A tafa, a rera sau biyu ko uku. Daga nan ki kashe sifikar, ki ja layi da alli ƙarƙashin gini ɗaya, ɗaya kawai, ki yi bayaninsa a taƙaice, da Hausa ma in ya kama, ki nuna musu inda ya saba da namu. Rabin lokacin da ya rage na jimlolinsu ne. Za ki ji wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce “We won't go home until the bell ring”, sai ki ce saura ƙiris, ki mayar da shi ga allo, wata ta kusa da shi ta ce “rings”. Wannan minti ɗayan ya fi duk rerawar amfani.

Sannan ki dawo kan ginin bayan kwana biyu, ki sake dawowa bayan mako. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita a rarrabe ta fi bita a dunƙule. Matsalar waƙar biki ke nan, lokacinta gajere ne, ana shiga Janairu ba mai sake rera ta. Karin zai zauna a kansu, amma ginin jimlar zai zube in ba ki ci gaba da neman sa a rubutunsu ba.

Maganar iyaye kuma ba abin rainawa ba ce, balle a Kaduna. Waƙoƙin nan iri uku ne. Akwai na ibada, masu ɗauke da aƙidar Kirista a fili, kamar “Silent Night” da “Joy to the World”. Waɗannan ba daidai ba ne a sa yaro Musulmi ya rera su da sunan darasin Turanci, kamar yadda ba za ki sa ɗan Kirista ya rera ƙasidar bege da sunan darasin Hausa ba tare da sanin iyayensa ba. Kuma kin ga dama su ne Turancinsu ya fi tsufa, don haka ba ki yi asarar komai ba. Yara Kirista za su same su a coci, da yawa ma sun san ma'anarsu da Hausa, wanda hakan zai taimaka musu in sun haɗu da na Turancin. Akwai kuma na yanayi da nishaɗi. “Jingle Bells” da “Let It Snow” ko sunan Kirsimeti babu a cikinsu, tseren doki ne da zaman ɗaki lokacin sanyi. Na tsakiya su ne masu ambaton bikin ba tare da aƙida ba, irin biyun da na fi yaba miki. Wasu iyayen ba za su damu ba, wasu za su damu, kuma hukuncin wannan na malaman addini ne da iyayen, ba na malamin Turanci ba. Ki kai wa shugabarku jerin waƙoƙin da kalmominsu a rubuce, a sanar da iyaye tun kafin a fara, ta taron iyaye da malamai ko ta takarda. Yaron da aka ce kada ya rera, ba a tilasta shi, ba a kuma rage masa maki. Zai iya yin aikin ginin jimlar kamar kowa, tunda “I wish you a happy new year” da “until we get” ba na wani addini ba ne. In kin ga ajin zai rabu biyu a kan abin, ki ɗauko ginin da kike so ki ɗora shi a kan karin da yaran suka sani na wasanninsu, ki tsara musu 'yan ɗangogi da kanki. Malamai sun daɗe suna haka, kuma sau da yawa ya fi, don ke kika zaɓi kowace kalma.

Waƙa uku ko huɗu sun isa zangon. In an dawo hutu a Janairu, ki yi musu ɗan gwaji ba kiɗa ba rerawa: jimla biyu da “until”, biyu da “used to”, kwanan wata uku a rubuce da kalmomi, da gajeriyar wasiƙar yi wa kaka fatan alheri. Abin da kika gani a takardun nan shi za ki kai wa shugabarku in ta tambaya ko a sake yi baɗi.